Ƙarfe Huɗu da Minti Goma

A Matosinhos, inda ƙarnin kifi ke riga rana tashi,
ni Graciete na shekara talatin ina kankare ɓawon kifi a kasuwa.
Kuɗin agogon nan tarin tururuwa na yi musu,
tsaba bisa tsaba, cikin gwangwanin gahawa,
don Belmiro, mijina, wanda likita ya ɗaure da ƙwayoyi:
fara da asuba, ja da rana,
rabin shuɗiya kafin ya kwanta.

Wata bakwai yana bugawa a wuyan hannunsa.
Ran nan ya ƙame.
Huɗu da minti goma, ba gaba ba baya.
Belmiro ya girgiza shi, ya kara a kunne
kamar mai sauraron ƙirjin jariri.
Tsit.

Na shiga Porto da takalmin zuwa biki,
na doshi kantin Quintela a titin Cedofeita.
Ya juya agogon da yatsa biyu, ko murfin bai buɗe ba.
Hannuwana ya duba, ya ɗan ja hanci,
ya yanke hukunci daga warin sana'ata.
"Ruwan gishiri ne ya shiga.
Ki aika wa maƙeransa can ƙetare,
mu sayarwa muke yi."

Na ce, ranar da na ƙirga maka kuɗi
ba ka tura ni ƙetare ba.
Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran zancen.
Mutumin da kake zargi da teku
rabonsa da bakin ruwa tun ƙafarsa ta kumbura.
Ko fuska zai wanke sai ya kwance agogon
ya ajiye kan faranti, kamar ƙwai.

Na zaro rasiɗi daga ƙirjina,
wanda ya yi wata bakwai a bayan hoton aurenmu.
Jikata Ivone ta karanta mini doka daren jiya,
sau biyu, don kunnena na hagu ya yi nauyi:
shekara uku kaya na wuyan mai kanti,
kuma in ya ce laifina ne, shi zai kawo shaida.

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Sai na ce, miƙo mini littafin ƙorafi.

Agogo arba'in ke rataye a bangon nan,
ban ji bugunsu ba sai a lokacin.
Ya ce littafin na aljihun tebur, makulli na wajen matarsa.
Na ja kujera.
Na ce ba na sauri, ɗana,
a gidanmu har yanzu huɗu da minti goma ce.
In makullin ya ƙi zuwa, ɗan sanda zai zo.

Wata mai sayen 'yan kunne ta mayar da jakarta kafaɗa.
Makulli ya fito daga aljihun wandonsa.

Aji huɗu na tsaya a makaranta,
rubutuna kamar tafiyar ƙaguwa a rairayi,
amma na cika shafin, na danna biro da ƙarfi
har ya ratsa takarda uku:
ɗaya ta hukuma, ɗaya tasa,
ɗaya na ninke ta bi bayan rasiɗi.

Ya karɓi agogon, bai dube ni ba.
Ya rubuta a ƙyallen takarda: kwana talatin.

Yau kwana goma sha tara.
Belmiro na shan ƙwayarsa da ƙararrawar majami'a,
yana ɗaga hannu ya dubi farin zanen
da maɗaurin ya bari a fatarsa,
sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa.
Ni kuwa kullum kafin in fita kasuwa
nakan soke rana ɗaya a kalanda
da tsinin wuƙar kifi.
Saura goma sha ɗaya,
kuma takalmin bikin yana bakin ƙofa.